Tarihin Ƙyanƙyasar Ƙwai Ba da Uwa Ba

Masu ba da labarin ƙasar Masar sun saba su fara da dalar Fir'auna da kogin Nilu da masallacin Azhar, har su ƙare ba su ambaci wata sana'a ba wadda, ga matafiyan zamanin da, al'ajabinta bai gaza na waɗannan ba, watau sana'ar ƙyanƙyashe ƙwai dubbai a cikin ɗakin ƙasa ba tare da kaza ta kwanta a kansu ba. Tun da yake a yau injin ƙyanƙyasa ya shiga gidajen mutane, har akan same shi a kusurwar ɗakin matar aure a Kano ko Maraɗi, ya kyautu a san inda al'amarin ya faro da hannayen da ya ratsa, domin wanda ya san irin wahalar da masu hikima suka sha kafin su kwaikwayi kaza guda ɗaya shi ne zai san abin da injin ke iyawa da abin da ya bar wa mai shi.

Abin da kaza ke yi idan ta shiga kwanci, ko da yake idonmu ya saba da shi har mun daina ganinsa, aiki ne mai sharuɗɗa. Gashin ƙirjinta yakan zube domin fatarta ta taɓa ƙwai, ta riƙe su a kan zafin da ya kusa digiri 38 dare da rana har kwana 21. Takan sa baki da ƙafa ta jujjuya su sau da yawa a yini, don kada ɗan tayin ya manne wa fatar da ke cikin ɓawo. Takan tashi na ɗan lokaci ta yi kiwo ta sha ruwa, iska ta ratsa sheƙar, gama ɓawon ƙwai, duk da sulɓinsa, yana da hudoji dubbai waɗanda ta cikinsu tsako ke numfashi, ruwan ƙwan kuma yake fita kaɗan kaɗan har ya rage wajen kashi 12 cikin ɗari na nauyinsa. Zafi da juyi da iska da laima, waɗannan ne rukunan aikin, kuma duk wanda ya so ya sallami kaza daga kwanci dole ya ɗauke su gaba ɗaya. Ribar sallamarta kuwa a fili take, domin kazar da ke kwanci, da wadda ke yawo da 'yan tsaki, ta daina saka ƙwai na tsawon watanni, alhali wadda aka ɗauke wa ƙwai ba ta daɗewa take komawa saka wasu.

Mafi daɗewar ambaton wannan sana'a da ya iso gare mu ya fito ne daga malamin Yunanawa Aristotal, wanda Larabawa ke kira Arisɗo, wanda ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. A cikin littafinsa na dabbobi ya faɗi cewa mutanen Masar suna binne ƙwai a cikin juji su ƙyanƙyashe da kansu. Jita-jita ce ya ji ya rubuta, kuma wannan kuskure nasa ya ɓatar da Turawa shekaru masu yawa, don sun ɗauka zafin ruɓewar taki ne asirin, alhali kuwa busasshen kashin dabbobi makamashi ne kawai da ake hura wuta da shi. Bayansa da kusan shekara 260 wani malamin tarihi, Diyodoras mutumin Sikiliya, ya taka ƙasar Masar da ƙafarsa, ya rubuta cewa masu kiwon kaji da dinya a can ba su dogara ga tsuntsayen ba, da hannunsu suke fitar da 'ya'ya marasa adadi. Bai bayyana yadda suke yi ba.

Wanda ya fara bayyanawa dalla-dalla shi ne Abdullaɗif al-Bagadadi, likita kuma masanin falsafa da nahawu, wanda aka haifa a Bagadaza a shekara ta 557 bayan Hijira, daidai da 1162, ya zauna a Alƙahira a zamanin Ayyubawa yana karantarwa a Azhar, ya kuma shaida mummunar yunwar da ta auku sa'ad da Nilu ya ƙi cika a wajen shekara ta 1200. A cikin littafinsa al-Ifada wal-I'itibar, inda ya tara abubuwan da ya gani da idonsa, ya ba gidajen ƙyanƙyasa fasali mai tsawo. Ya ce kowane gida yana da ɗakuna daga 10 zuwa 20, kowane ɗaki yana ɗaukar ƙwai 2,000, ana shimfiɗa tabarma a kan ciyawa a jera su, a sa wutar kandilo a cikin kasake biyu na yumɓu daga sama. Abin da ya bambanta shi da sauran matafiya shi ne, da yake likita ne, ya gane cewa kowane sashe na ginin kwaikwayon wata gaɓa ce ta kaza: kasaken wuta a madadin fikafikai, juyin da ma'aikaci ke yi da hannu a madadin bakinta. Ya kuma lura da cewa da wuya mutum ya ga tsakon da uwa ta ƙyanƙyashe a Masar, har wasu mutanen ƙasar ba su san ana yin haka ba.

Sifar ginin ba ta sauya ba tun daga zamaninsa har ƙarni na 19, lokacin da wani Bature mutumin Ingila, Edward Lane, ya auna shi ya rubuta a littafinsa na al'adun Misirawa da aka buga a 1836. Gini ne na tubali mai kaurin bango, wanda sau da yawa akan jingina shi da tudu ko a rufa masa ƙasa don kada sanyin dare ko zafin rana su ratsa. A tsakiyarsa akwai siririn lungu mai rufin baka, dama da hagu ɗakuna ne a jere, kowanne hawa biyu. Ɗakin ƙasa, wanda tsawonsa ƙafa 9 ne ko 10, faɗinsa 8, tsayinsa 5 ko 6, shi ne na ƙwai. Na sama shi ne na wuta, da rami a tsakaninsu wanda mutum zai iya ratsawa, da wata 'yar kafa a ƙololuwa inda hayaƙi ke fita. Ƙofar kowane ɗaki ƙarama ce ƙwarai, sai da rarrafe ake shiga, kuma akan toshe ta da tsumma ko ciyawa. Makamashin kuwa kashin shanu ne ko na raƙumi da aka cuɗa da yankakkiyar ciyawa aka shanya, irin wanda ke ci a hankali ba tare da harshen wuta ba.

A cikin wannan duhu da hayaƙi ma'aikaci ke zama, can yake ci, can yake kwana, muddin aikin na tafiya. Ba shi da ma'aunin zafi, ba shi da agogo. Yakan rarrafa ya shiga ɗakin ƙwai, ya ɗauki guda daga tsakiyar tsibi da guda daga gefe, ya ɗora a kan fatar idonsa, wadda ita ce mafi laushin fata a jikin mutum, ya ɗan saurara; in ya ji ƙwan na cizon ido sai ya rage wuta ya buɗe kafar sama, in kuwa ya ji sanyi-sanyi sai ya ƙara kandilo ya toshe. Sa'an nan ya sa hannu biyu ya motsa tsibin, na nesa da wuta su dawo kusa, na kusa su koma nesa, yana yi a hankali har ya gama ɗaki ya shiga na gaba. Bayan 'yan kwanaki yakan ɗaga ƙwai ɗaya bayan ɗaya a gaban fitila: wanda ya yi duhu akwai rai a ciki, wanda haske ya ratsa tas babu zakara a kansa, sai a fitar da shi a kai kasuwa. Abin da ya fi ba ni mamaki cikin ilminsu shi ne kashe wuta da suke yi a wajen kwana na 11, su kwashe wani sashe na ƙwan su kai ɗakin sama. Sun gane, ba tare da karatu ba, cewa daga tsakiyar wa'adi tsako yana fitar da zafin jikinsa da kansa, kuma dubban ƙwai a ɗaki ɗaya, da ɗumin da ke zuwa daga maƙwabtan ɗakuna, sun isa su riƙe kansu. Wanda ya ci gaba da hura musu wuta dafa su zai yi.

A wancan zamani mu'amalar kuma tana da ƙa'ida sananna. Manoman ƙauyuka sukan kawo ƙwai, mai gida ya duba ya zubar da baragurbi, sa'an nan a kan kowane ƙwai biyu da ya karɓa ya mayar da tsako ɗaya. Tun da yake galibi biyu cikin uku ke fitowa, rarar da ke tsakanin rabi da sulusi biyu ita ce ladansa da ta ma'aikacinsa. Aikin na watanni biyu ne ko uku a ƙarshen sanyi, kafin zafin bazara ya kama. Wani limamin Kirista mutumin Ayalan, Simon Semeonis, da ya ratsa Alƙahira a 1323 a kan hanyarsa ta zuwa Baitul Muƙaddas, ya ga yawan 'yan tsakin har ya ce ana auna su ne kamar hatsi, ba a ƙidayawa. Sai dai ya ƙara da cewa wuta ce ke halittarsu ba kaza ba zakara, wanda kowace tsohuwa mai akurki za ta iya warware masa.

Sana'ar ba ta kowa ba ce. Wani fada Bafaranshe mai suna Sicard, wanda ya zauna a Masar a farkon ƙarni na 18, ya ba da labarin cewa kusan dukan ma'aikatan daga ƙauye ɗaya suke, watau Birma, kusa da Ɗanɗa a yankin da Nilu ke rarrabuwa kafin ya shiga teku. In lokaci ya yi sai su watsu cikin ƙasa, kowa ya kama gidan da ya saba yi wa aiki, in an gama su koma. Uba ke koya wa ɗa, ba a koya wa bare. A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa sana'ar ta zauna a Masar shekaru fiye da dubu ba ta ƙetare iyaka ba, duk da cewa alhazan Barno da na ƙasar Hausa sun yi ta ratsa Alƙahira, ɗaliban Barno kuma suna da masauki a can tun ƙarni na 13. Ana iya auna gini a zana shi a takarda, amma abin da fatar ido ta koya cikin shekara ashirin ba ya shiga takarda. Ban da wannan, irin wannan gida ba ya tsayuwa sai inda ƙauyuka suka matsu da juna har ana iya tara sabon ƙwai dubbai cikin 'yan kwanaki, kamar yadda suke a bakin Nilu. Mutanen Sin, waɗanda su ma ƙasarsu cike take da jama'a, sun gano tasu hanyar daban, da manyan tukwanen ƙasa da gawayi da ɗumammen ƙaiƙayin shinkafa, galibi don ƙwan agwagwa, kuma su ma da fatar ido suke awo.

Turawa sun yi ta ƙoƙarin kwaikwayo ba su dace ba, har sai da aka zo kan René de Réaumur, masanin ƙwari da ƙarafa na ƙasar Faransa, wanda ya ƙera ma'aunin zafi nasa a 1730. Bai taɓa zuwa Masar ba. Rahoton Sicard ya karanta, ya ga cewa abin da mutanen Birma ke ɓoyewa ba wani abu ba ne illa sanin gwargwadon zafi, shi kuwa ga ma'auni a hannunsa. Ya sa ma'aunin a ƙarƙashin kaza ya karanta, sa'an nan ya jera ƙwai a kwanduna cikin ganguna ya binne su a kashin doki, ya kuma gwada ɗakunan da ke bayan tanderun masu burodi. Asarar da ya yi ba kaɗan ba ce, domin tururin taki ya yi ta kashe 'yan tsaki a cikin ɓawo, kuma ta haka ya koyi cewa zafi shi kaɗai bai isa ba. Ya buga littafinsa a 1749, ya haɗa da bayanin wata uwar ƙarya, akwati mai shimfiɗar fatar ɗan rago inda 'yan tsaki ke shiga su ji ɗumi. A cikin littafin ya lissafa cewa Masar na da gidaje 386 masu fitar da tsaki fiye da miliyan 92 a shekara. Lissafin zaune ne. Ƙidayar da gwamnatin Masar ta buga a 1831, zamanin Muhammadu Ali Basha, ta nuna gidaje 164, ƙwai wajen miliyan 26, tsaki kuma kaɗan fiye da miliyan 17, kuma ko wannan ya isa abin mamaki.

Ma'auni yana gaya wa mutum cewa zafi ya hau, amma ba ya tashi da tsakar dare ya rage wuta. Wannan ita ce mas'alar da ta saura, kuma ta ɗauki shekara fiye da 130 bayan littafin Réaumur. A 1879, a garin Petaluma na Kalifoniya a Amurka, Lyman Byce da wani likitan haƙori, Isaac Dias, suka ƙera akwatin katako mai fitilar kananzir wanda ya karɓu ga manoma, har garin ya shahara da ƙwai a duniya. A 1881 kuma Charles Hearson a Ingila ya yi rajistar dabarar da ta warware ƙullin: ɗan ƙaramin gwangwani ne shafaffe, a rufe ruf, da wani ruwa a ciki mai tafasa a daidai zafin da ake so, in zafi ya wuce sai ruwan ya zama tururi, gwangwanin ya kumbura, ya ture sanda, sandar ta ɗaga murfin bututun fitila, zafi ya fice, in ya huce sai ya lotse, murfi ya koma. Da wannan ɗan gwangwani aikin fatar idon mutumin Birma ya koma hannun ƙarfe, kuma duk na'urar da ke kunna ƙwan lantarki tana kashewa a injin gida na yau jikanyarsa ce.

Sauran labarin na girma ne kawai. Charles Cyphers ya gina ɗaki mai ɗaukar ƙwan agwagwa 20,000 a wajen 1896, Ira Petersime ya fito da injin lantarki a jihar Ohayo. Wani abu na halitta ya taimaki cinikin: tsako yakan janye sauran gwaiduwa cikin cikinsa kafin ya fasa ɓawo, wadda ke riƙe shi har kwana uku ba ci ba sha, saboda haka ana iya sa shi a kwali a tura shi tafiya mai nisa. Gidan wayar Amurka ya fara karɓar 'yan tsaki a 1918, kuma albarkacin wannan gwaiduwa ce motoci ke tasowa daga Ibadan da dare da kwalaye su sauke a Kaduna da Kano.

Mu a nan ƙasar ba mu gina ɗakunan ƙyanƙyasa ba, amma mun daɗe da sanin cewa ƙwai ba ya tambayar wace ce ke kwance a kansa. Zabuwa tana saka ƙwai da yawa da damina, sai dai a daji take ɓoye su, kuma in ta ƙyanƙyashe takan ja 'ya'yan cikin raɓa su mutu. Don haka mata sukan bi sawunta su kwaso ƙwan, su sa goma ko goma sha biyu a ƙarƙashin kazar da ta shiga kwanci, ita kuwa ta haƙura har kwana 26 zuwa 28, kusan mako guda fiye da nata wa'adin, ta goya 'ya'yan da ba nata ba. Injin ya zo ne tare da kajin Turawa da gonakin gwamnati, kuma daga baya cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta fitar da nata irin kazar ƙwai mai jure zafi, Shika Brown. Irin waɗannan kaji an zaɓe su ne a kan yawan saka ƙwai har ɗabi'ar kwanci ta kusa barinsu, saboda haka ba su da zuriya sai da inji, ko da kazar Hausa. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a Jaji ta jihar Kaduna, cikin watan nan kuma aka tabbatar da ita a Masar da Magarya ta Nijar. Binciken da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a Masar bayan haka ya tarar da gidajen gargajiya wajen 200 suna nan suna aiki, sun bar kandilo sun koma fitila da gas, amma da yawan ma'aikatan suna nan suna ɗora ƙwai a ido.

Injin da ake sayarwa yanzu, ko na roba mai cin ƙwai 48 da ake kawowa daga Sin, ko wanda samarinmu ke haɗawa da gangar tsohon firiji da ƙwan lantarki da fanka da batirin sola, an ƙera shi ne ya ƙara zafi, ba shi da hanyar ragewa. A watan Afrilu a Sakkwato ko Damagaram, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40, ɗaki mai rufin kwano yakan zarce digiri 37.5 da ƙwai ke bukata tun inji yana kashe, kuma zafin da ya wuce ƙa'ida ya fi sanyi saurin kisa. Ba banza Misirawa suka kaurara bango suka kuma rufe aiki kafin bazara ba. Da hunturu kuwa iska kan bushe har fatar cikin ɓawo ta yi tauri, tsako ya fasa 'yar kafa da bakinsa ya kasa juyawa ya mutu a nan, in ba a cika tasar ruwa ba daga kwana na 18, ranar da ake daina juyi a bar ƙofa a rufe. Ƙwan da ya wuce mako a ajiye cikin zafi, ko na kasuwa da ba a san zakaransa ba, ba injin da zai raya shi. Saboda haka wanda ya yi niyyar saye, ya fara neman ɗakin ƙasa mai sanyi da wutar da ba za ta yanke masa dare ɗaya cikin kwana 21 ba, ya haska ƙwansa da tocila a kwana na 7 ya fitar da marasa rai, kuma in ya samu tsako biyu cikin kowane ƙwai uku kada ya raina, gama abin da ƙwararrun Masar suka samu ke nan a ƙidayar 1831.